Ba kai za ka kashe mini damisa ba (zare)

1/
Zare ne mai ɗan tsawo, wanda datarsa ta yi ƙasa ya ajiye sai dare. Tun da na ambaci "wasan daji" ake ta tambayata wai mene ne shi, wasu kuma suna ta dariya wai ƙato da gemu yana cewa shi mage ne a WhatsApp. To ku gyara zama.

2/
Ga yadda wasan yake. Ana buɗe guruf, kowa ya ɗauki dabba ɗaya daga dangin kyanwa: zaki, damisa, ko kyanwar daji, wadda mu Sakkwatawa muke ce wa mussa. Ka raɗa mata suna, ka faɗi shekarunta da halinta, da tabo in tana da shi. Sai ka riƙa rubuta abin da take yi, wani ya amsa da abin da tasa ta yi. Labari ya yi ta tafiya.

3/
Babu maki, babu kwamfutar da za ta ce wane ya ci, babu alƙali mai usur. Ko ludo tana da ƙwayar da ake jefawa ta raba gardama. Nan babu. Abin da ka rubuta shi ne ya faru, matuƙar sauran sun yarda. Duk rigimar da za ku ji a zaren nan daga wannan yardar ta taso.

4/
Asalin salon daga waje ya zo. Akwai jerin littattafan Turanci mai suna Warriors, na farkonsu ya fito a 2003. Sunan da ke bangon Erin Hunter ne, amma marubuta ne da yawa suka haɗu a ƙarƙashin suna ɗaya. Labarin kyanwoyi ne da ke zaune a daji, sun kasu dangi huɗu, kowane da iyakarsa, kuma suna da dokar mayaƙa da kowa ke bi.

5/
Yaran Amurka da Ingila da suka karanta sai suka buɗe zauruka a intanet, kowa ya ƙirƙiri tasa kyanwar. Yanzu har a Roblox akwai wasan. Mu kuwa a cikinmu mutum biyu kacal suka taɓa karanta littafin. Ɗayansu ne ya kawo shawarar lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wanda aka fara 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba.

6/
Wata takwas cur a gida. Wanda ya yi zaman nan ya san abin da nake nufi. Ka je gona, ka dawo, ka zauna a majalisa, hira ta ƙare, rana ba ta faɗi ba. Cikin sati biyu muka kai mutum arba'in da wani abu, akasari ɗalibai 'yan Bodinga da Shagari, da 'yan tsiraru daga cikin garin Sakkwato, da wasu Kanawa biyu da sai da aka fassara musu "mussa".

7/
Muka raba daji biyu, dangin Tudu da dangin Fadama. 'Yan Shagari suka ce tunda su ke da dam, Fadama tasu ce. Mu 'yan Bodinga muka kwashi Tudu. A lokacin abin dariya ne. Ku riƙe shi dai, zai dawo.

8/
Ni aka ba aikin magatakarda. Duk dare ina taƙaita abin da ya faru a kundi, don wanda bai samu hawa ba ya karanta ya kamo labari. Tawa dabbar tsohuwar mussa ce mai kunne ɗaya, ba ta faɗa da kowa, gulma kawai take kaiwa tsakanin dangi biyu. Na ji daɗinta ƙwarai.

9/
Masu cewa wannan ɗabi'ar Turawa ce, ku tambayi kakanninku wasan kalankuwa. Bayan an kawar da amfanin gona samari da 'yan mata su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, a yi shari'a, a ci tara, kowa ya bi. Ga wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa. Ga tashe da muke fita tun goma ga azumi.

10/
Abin da waɗancan wasannin suke da shi, mu muka rasa da farko, shi ne ido. A dandali kana ganin fuskar abokin wasanka. In ka wuce gona da iri za ka gani ta canza, ko wani babba ya yi gyaran murya. A waya ba ka ganin kowa. Sai ka manta cewa damisar nan da kake yi wa kaca-kaca wani ne ya yi wata biyar yana renonta.

11/
Doka ta farko da muka koya da wahala: ba ka rubuta wa dabbar wani abin da ta yi. Dubi bambancin nan.

"Gagarau ya yi tsalle ya kai wa Ƙi-Sabo cafka a wuya."

"Gagarau ya cafke wuyan Ƙi-Sabo, ta faɗi tana shure-shure."

Na farko wasa ne. Na biyu ƙwace ne.

12/
A na farko ka kai hari ka tsaya. Mai damisar shi zai ce ta goce, ko faratan sun same ta a kafaɗa, ko ta ruga ta haye bishiya. A na biyu ka karɓe masa alƙalami, ka rubuta naka ka rubuta nasa. To shi me ya zo yi? Kallo?

13/
A dambe kai ne ke kai naushi, amma jikin abokin karawarka ne ke faɗuwa ko ya so ko bai so ba. Hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, magana ta ƙare. A namu wasan babu naushin da ke kayar da kowa. Mutum shi zai zaɓa da kansa ya rubuta cewa dabbarsa ta faɗi. Kun ga inda wahalar take.

14/
Don haka dokar tana da ƙanwa: in an bar maka zaɓi, kada ka goce kullum. Mun yi fama da wani zaki da ba a taɓa samunsa ba. A kai masa hari ta gaba ya goce, ta baya ya ji motsi, mutum uku su taru masa ya tashi sama kamar jarumin fim ɗin Indiya. Sati uku aka yi kowa ya daina kula shi. Yana ta ruri shi kaɗai.

15/
Alhali zakin gaske ba haka yake ba. Mafi yawan farautar da ya fita ba ya kama komai. Ɓauna tana iya kashe shi. Kuraye in sun yi yawa sukan kori zakanya daga kan namanta. Namijin da ya mallaki garke ma 'yan shekaru ne, wasu matasa su zo su kore shi. Damisa kuwa don tsoron a ƙwace mata ne take jan namanta ta kai saman bishiya.

16/
Wani abin takaici a gefe: binciken da aka fitar a 2014 ya kiyasta zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma wajen 400 ne, mafi yawansu a dazukan da suka haɗa Benin da Burkina Faso da Nijar. A Najeriya sai Yankari da Kainji. Mu kuwa a guruf ɗaya muna da zaki goma sha ɗaya, kowannensu manyan dawa. Babu mai son zama mussa.

17/
Yanzu babbar rigimar. Watan Agusta, tsakiyar damina. Mai Ƙi-Sabo yaro ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Shagari, kuma wallahi duk guruf babu wanda ya kai shi iya rubutu. Shi ne ya bari aka ji wa damisarsa rauni a ƙafa tun watan Mayu, ya ci gaba da rubuta ta tana ɗingishi, bai taɓa mantawa ba ko sau ɗaya.

18/
Ana tsakiyar yaƙi a bakin ruwa, Gagarau na Tudu ya tare Ƙi-Sabo, sai yaron ya ɓace. Kwana ɗaya, biyu, uku. Ashe aikin gona ne ya taso, babu wuta, wayar tana wurin mai caji, kuma ko ya karɓo sai ya taka zuwa bakin titi yake samun sabis mai kyau. Wanda ke zaune cikin gari ba lallai ya gane wannan ba.

19/
Dare na uku, wajen ƙarfe ɗaya, mai Gagarau ya rubuta kisan. Dogon rubutu, kuma don Allah ya yi kyau, shi ya sa mutane suka bi. Kafin asuba 'yan Tudu sun yi bikin nasara, wasu 'yan Fadama ma sun rubuta makoki. Na tashi na tarar da saƙo sama da ɗari biyu. Na ƙi shigar da shi kundi, na ce sai mai ita ya dawo.

20/
Da ya dawo bai rubuta komai ba. Saƙon murya ya turo, gajere, muryarsa ƙasa-ƙasa: "Yaya, mi na yi maka? Ina gona kak kashe min damisa? Ko sallama ba ka yi min ba?" Yana ce masa yaya don ya girme shi da shekara uku, kuma sun san juna a zahiri. Guruf ya yi tsit.

21/
In za a yi adalci, hujjar mai Gagarau ba banza ba ce. Ya ce mutum ashirin suna jira, labari ya tsaya cak kwana uku saboda mutum ɗaya, mutane sun fara sulalewa. Ya ce yaƙi ne, ƙafar damisar ga rauni, zaki ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, ko a dajin gaske haka za ta ƙare. Duk gaskiya ne.

22/
Amma ni a ganina ya karkatar da tambayar. Ba a musun cewa zaki zai iya kashe gurguwar damisa. Abin da ake tambaya shi ne wa ke da ikon faɗin ta mutu. Kuma in aka ce wanda ke kan waya shi ke da iko, to wasan ya koma gasar wanda gidansu ke da sola. Mai data da wuta zai cinye daji ba tare da ya fi kowa basira ba.

23/
Yana da hanyoyi da yawa da bai bi ba. Ya iya janye zakinsa ya ce duhu ya raba su. Ya iya kiran yaron a waya, lambarsa na nan. Ya iya juya yaƙin zuwa wani gefen kogi a ci gaba da sauran. Abin da ya fi sauƙi ya ɗauka, kuma sauƙin nasa ne shi kaɗai.

24/
Kun tuna raba dajin da muka yi? Nan ya dawo. Kafin azahar magana ta tashi daga Tudu da Fadama ta koma Bodinga da Shagari. Wani ya ce ƙauyawa ba su iya wasa ba. Wani ya ce mu gari ne da ya fitar da shugaban ƙasa, ku fa? Wani ya ce a Sifawa Shehu ya zauna, kuma Sifawa ƙasar Bodinga ce. A kan damisar da babu ita fa.

25/
Kuma garuruwan nan titi ɗaya ne ya ratsa su, wanda ya tashi daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega. Tafiyar ba ta kai awa guda ba. Akwai auratayya, mota ɗaya muke shiga in an koma makaranta. Na san mutum biyu da suka haɗu a wurin ɗaurin aure a satin nan suka gaisa sama-sama kamar masu bin juna bashi.

26/
Admin ɗinmu ta rufe guruf kwana biyu, ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce a bar kisan a ba yaron sabuwar dabba mai muƙami. Wasu suka ce a kori mai Gagarau. Ita ta ce babu ko ɗaya. An soke kisan, a koma daidai inda aka tsaya, zaki da damisa suna kallon juna a bakin ruwa, kuma mai damisa ke da magana.

27/
Abin da yaron ya yi har yau ina tuna shi. Ya rubuta Ƙi-Sabo ta kuɓuta da ƙyar, da sabon rauni a ciki. Sati guda yana rubuta ta tana ja da baya, ta kasa hawa bishiya, kuraye sun ƙwace mata nama, tana lasar ruwa a kududdufi. Ranar ta bakwai ya rubuta mutuwarta da kansa, ya kuma ce raunin Gagarau ne ya yi ajalinta.

28/
Wato ƙarshen bai canza ba. Damisa ta mutu, zaki ne ya kashe ta. Amma wannan karon mutane sun yi kuka na gaske, har da 'yan Tudu. Mai Gagarau ya rubuta zakinsa ya je wurin gawar ya kwanta bai ci komai ba har gari ya waye. Bai ce yi haƙuri ba a fili, irin mutanenmu, amma kowa ya gane. Wannan na shigar kundi.

29/
Daga nan muka kafa dokar kogo. Wanda ya yi kwana biyu shiru, dabbarsa ta shiga kogo: ba a taɓa ta, ba a magana da yawunta, labari ya kewaye ta ya wuce. Ba a kisa ko nakasa sai da izinin mai dabba. Ba a babban yaƙi bayan sha ɗayan dare, ko lokacin sallar Juma'a, ko satin jarabawa. Mai tafiya gona ya yi sallama in ya samu hali.

30/
Akwai ƙaramar cuta kuma da ba ta tada ƙura amma tana kashe daɗi. Kai ka karanta shirin da 'yan Fadama suka ƙulla, tunda guruf ɗaya ne. Zakinka bai ji ba, yana can Tudu yana barci. Sai ga shi "haka kawai jikinsa ya ba shi" ya je daidai inda aka yi kwanton ɓauna. Malam, leƙen takardar wani ne a ɗakin jarabawa.

31/
Sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma ita ce samari ba sa son a taɓo. Muna da alama: in za ka yi magana da bakinka, sai ka fara da "Waje:". Duk abin da ba shi da wannan alamar, dabba ce ke magana. An yi ta don kada a ɗauki zagin zaki a matsayin zagin mutum. Wasu suka mayar da ita labule.

32/
Mata tara ne a guruf ɗin. Da wuya zakanya ko mussa ta fito farauta ba a samu wani zaki ya biyo ta yana shinshine-shinshine ba. Ta kauce a labari, ya sake biyowa. Ta rubuta "Waje: don Allah ka bari," ya ce haba ƙanwata wasa ne, ai halin zakin ne haka. Daga nan kuma sai ga shi ta gefe da "slm ykk" ƙarfe sha biyun dare.

33/
Halin zakin wa ya rubuta shi? Kai ne. Mu da muka tashi cikin wasan taubasai da na Fulani da Barebari mun san wasa yana da sharaɗi: ɓangare biyu sun san da shi, kuma in ɗaya ya ɓata rai an tsaya. Wanda aka ce masa bari ya ci gaba, ya fita daga wasa tun tuni, sunan kawai yake riƙe da shi don ya fake.

34/
Ga shi kuma lambar kowa a fili take a guruf, kuma akwai ƙannen mutane 'yan sakandare a ciki. Yarinya a Bodinga ko Shagari, a ga saƙon wani namiji a wayarta tsakar dare, ba shi za a tambaya ba. Ita za a karɓe wa waya. Abin da yake kira wasa, a gidansu ita zai iya zama ƙarshen hawanta intanet gaba ɗaya.

35/
Dokar da aka sa: babu labarin neman aure tsakanin dabbobi sai masu su biyun sun faɗa wa admin sun yarda. "Waje: bari" sau ɗaya ake faɗinta. Bin mace ta gefe ba da izininta ba kora ce, babu gargaɗi. An kori mutum biyu, ɗaya abokina ne tun firamare. Ya yi fushi da ni don na goyi bayan korar, har yanzu gaisuwarmu ba ta koma daidai ba.

36/
Sai dai dokar ta zo a makare ga mutum ɗaya. Mai 'Yar Duhu, wata baƙar mussa da ta fi kowa iya ƙulla makirci a dangin Fadama, ta fita tun kafin a yi korar. Ba ta yi faɗa da kowa ba, kawai muka ga ta fice. Admin ta neme ta, ta ce ta gode, ya isa haka.

37/
Da aka janye yajin aiki mutane suka watse, lakca ta cinye lokaci. Yanzu ba mu fi goma sha biyar ba, daren Alhamis kawai muke wasa. Mai Gagarau ya tsufar da zakinsa ya bari wasu matasa biyu suka kore shi daga Tudu, da yardarsa. Yaron Shagari yana da sabuwar damisa, 'yar Ƙi-Sabo.

38/
'Yar Duhu tana nan a kogo. Sau biyu sababbin shiga suna tambaya ko za a ba su ita tunda mai ita ba ta nan, don sun karanta labarinta a kundi ta burge su. An ce musu su ƙirƙiri tasu.